Vespa, Benly, CG125 ko Suzuki: Wane Tsohon Babur Za Ka Tayar a Zauren Gida?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanina ya same ni a zaure ina wanke kabureta a cikin tsohon kwano. Ya zauna a kan benci ya ce, "Yaya, na rasa wanda zan ɗauka." An nuna masa wata Vespa a cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Doka, mai ita ya rasu, magada suna son sayarwa. An kuma yi masa maganar wata Honda Benly a Samaru da ta daɗe jingine a bayan ɗaki. Ga abokinsa yana ta zuga shi ya nemi tsohuwar CG125 ko Suzuki, wai su ba sa cin kuɗi. Abin da ke hannunsa na babur ɗaya ne, wurin gyara kuma wannan zauren namu, sai lokacin da ya rage masa bayan tashi daga aiki.

Na san halin da yake ciki. Babur na farko da na tayar shi ne Benly CD175 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wadda ya saya a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, lokacin da ma'aikata suka cika titunan Zariya da sababbin babura. Bayanta na yi Vespa, na taya maƙwabci tayar da CG, na kuma buɗe injin Suzuki ba sau ɗaya ba. Abin da na gane shi ne, kowane ɗayansu yana da wuri guda da yake ɓoye asara. In ka san wurin, ka duba shi kafin ciniki, ka tsira. In ba ka sani ba, sai ka sayi aikin shekara biyu kana zaton na wata biyu ne.

Abin da za ka auna kafin ka miƙa ko sisi

Kuɗin tsohon babur kashi uku ne: na saye, na kayan gyara, da na masu sana'ar da ba makawa sai ka je wurinsu, wato mai walda, mai fenti da mai gyaran bulok. Yawancin masu sha'awa na farkon kaɗai suke lissafawa. Ni dai ƙa'idata, duk abin da ka ba mai babur, ka ajiye kwatankwacinsa a gefe don gyara. In Benly ce, ko Vespa mai ruɓaɓɓen ƙasa, ka ajiye ninki biyu. Sannan ka shiga Sabon Gari ka tambayi kuɗin sabon Boxer a ranar. In jimillar lissafinka ta haura shi, to sha'awa kake saye. Babu laifi a cikin haka, amma ka shiga da saninka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, shan mai ya zama abin dubawa ga duk wanda zai riƙa hawa kullum.

Na biyu, kuma shi ne ya fi kashe aiki, samun kaya. Akwai abin da za ka samu yau ɗin nan a Sabon Gari ko Tudun Wada. Akwai wanda sai ka yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Panteka a Kaduna, ko ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka jira ɗan kasuwa ya yo maka odarsa daga Nnewi. Akwai kuma wanda ba ka samunsa sai a jikin wani mataccen babur irin naka, ko daga ƙasar waje da dala. Babur ɗin da kayansa ke aji na uku yakan kwana a zaure a warwatse har ƙulle-ƙullensa su ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Na uku sauƙin aiki: shin sufanu, filaya, sukundireba da awon bawul sun isa, ko sai da kayan aiki na musamman? Na huɗu ƙarko, amma ƙarko irin na nan: ƙurar hunturu, ruwan damina da ke kwanciya a lunguna, ramukan hanya, da man 'yan bumburutu da wani lokaci ke zuwa da datti.

Na ƙarshe haɗari, shi ma iri biyu ne. Akwai na hanya, don dukkansu birkin ganga gare su, na farko-farkon kuma wutarsu bolt 6 ce, fitila kamar aci-balbal. Akwai na takarda. Lambar inji da ta firam su yi daidai da abin da ke rubuce, a rubuta takardar ciniki da shaidu, in da hali mai unguwa ya sani. In babur na gado ne, kada ka karɓa daga hannun ɗa guda. Sai an raba gadon, ko duk magada sun amince a gabanka. Na ga wanda ya gama fenti tsaf sannan 'yan'uwan mai sayarwa suka zo da maganar haƙƙinsu.

Vespa

Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946. Waɗanda suka fi yawa a wajenmu masu injin 150 ne: Super mai ƙananan tayoyi inci 8, Sprint mai inci 10, dukkansu na tsakiyar shekarun 1960, sai PX da ta fito a 1977. Ba a banza malamai da dattawan kasuwa suka so ta ba. Mutum zai hau da babbar riga bai ɗage ƙafa ba, babu sarƙar da za ta kama gefen riga, garkuwar gaba tana tare taɓo, ga safayar taya a jikinta.

Abin da mai saye ya kamata ya fara sani shi ne Vespa ba ta da firam na bututu kamar sauran babura. Jikin ƙarfen nan da kake gani, shi ne ƙashin bayanta. In tsatsa ta ci wurin ajiye ƙafa da ramin tsakiya da wayoyi ke bi, ba kyau kawai ta rasa ba, ƙarfi ta rasa.

A nan aka cuce ni. Wadda na saya fentinta sabo ne fil, shuɗi mai ƙyalli. Da na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Tudun Wada, bai ko kalli injin ba. Ya durƙusa, ya ciro ɗan maganaɗisu na tsohuwar lasifika daga aljihu, ya riƙa ɗora shi a kan wurin ajiye ƙafa yana jan sa a hankali. Gefe ɗaya ya kama, ya zo tsakiya sai ya zame ya faɗi ƙasa. Ya sa sukundireba daga ƙarƙashi ya ɗan tura, sai ga garin foti fari, abin nan da masu fenti ke cike lotsa da shi wanda maganaɗisu ba ya kamawa, yana zubowa a tafin hannunsa, bayansa kuma ɓarɓashin tsatsa. Mai sayarwa ya cike ramin da foti ya bi da fenti. Kuɗin yanke wurin da walda sabon ƙarfe da sake fenti ya kusa kamo kuɗin sayen. Tun daga ranar ba na zuwa ganin Vespa sai da maganaɗisu da tocila.

Injin kuwa alheri ne ga mai koyo. Mai bugu biyu ne, babu bawul, babu sarƙar tayimin, fanka ke sanyaya shi. Noti huɗu ka kwance, kan silinda ya fito a hannunka. Wuraren da yake gajiya sanannu ne. Akwai oyil sil biyu a gefen karanshaf. In na wajen kuloci ya mutu, inji zai riƙa zuƙar man giya, hayaƙi ya yi yawa, man giyar kuma ya riƙa warin fetur. In na wajen fanka ne, iska zai riƙa sha ta ɓarauniyar hanya, silo ya ƙi sauka, inji ya yi zafi har fistin ya kama a kan hanya. Akwai kuma wani ƙaramin ƙarfe mai siffar gicciye da ke zaɓen giya. In bakinsa ya cinye, giya za ta riƙa fita da kanta kana cikin tafiya. Sil na wajen kuloci da ƙarfen giyar nan sai an raba inji biyu, saboda haka in ka buɗe, ka canza su gaba ɗaya. Za ka buƙaci abin zare fulawil da sufanar notin kuloci, kuma kada ka yarda a sa guduma a madadinsu.

Saitin wayoyin giya guda biyu da ke zuwa daga hannun hagu shi ke gwada haƙurin mutum. Ranar farko za ka iya ɓata yamma guda a kansa. Da zarar hannunka ya gane, aikin minti goma ne.

Wajen mai, wadda ba ta da famfon haɗawa kashi 2 cikin 100 take so: mililita 20 na man 2T, wato man inji mai bugu biyu, a kowace lita ta fetur. Tankin PX lita 8 ne, ka ga mililita 160 ke nan in ka cika. Sayi babban sirinji a kemis ka riƙa aunawa, ka bar zubawa da ido. Masu ƙarawa wai don inji ya ji daɗi, fulogi suke kashewa suna toshe salansa. Man giyarta SAE 30 ne, mililita 250. Kaburetarta ta Dell'Orto kuma ba ta son a matse ƙusoshinta da ƙarfi, lanƙwashewa take yi ta fara yoyo.

Kayan inji ana samu, albarkacin Indiya: Bajaj ta yi Chetak a kan tsarin Sprint, LML kuma ta yi irin PX, don haka fistin, ringi, wayoyi, kuloci da sil ba su yanke ba, ko da yake sai ka zaɓa, jabu sun yi yawa. Abin da ke wahala shi ne kayan jiki: murfin gefe, agogon gudu, fitila ta asali. Masu gyaranta ma sun ragu, yawanci dattawa ne. In ka samu ɗaya ka riƙe shi da mutunci, da tsohuwar zuma ake magani.

A kan hanya, ƙananan tayoyinta ba sa son rami ko yashi, nauyin inji yana gefen dama, birkin gaba kuma ba abin dogaro ba ne. Ta cikin gari ce: daga birni zuwa Kongo, zuwa PZ, zuwa ɗaurin aure.

Honda Benly: CD175, CD185 da CD200 Roadmaster

Wannan ita ce ta fi shiga raina, kuma ita ce nake fi jan kunnen mutane a kanta. An ƙera CD175 daga 1967 zuwa 1979, CD185 da CD200 suka gaje ta. Silinda biyu, bugu huɗu, giya huɗu, sarƙa a rufe cikin gidanta. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa kabureta ɗaya da kontak ɗaya, wato abin da ke sakin wuta zuwa fulogi, suka ishe ta, kuma shi ke ba ta wannan amo mai nauyi da duk wanda ya girma a shekarun 1970 zai gane tun daga nesa. A cikin huɗun nan ita kaɗai za ka hau zuwa Giwa ko Kaduna da mutum a baya ba ka ji kana roƙonta ba.

Asararta a saman inji take. A CD175 sandar kam, wadda ke buɗe bawul, tana juyawa ne kai tsaye a kan alminiyon, babu boris a tsakani, baƙin mai ne kawai ke raba su. In mai ya yi datti ko ya yi ƙasa, wurin ya karce, kuma ba a gyara shi da araha. Tana da matatar mai irin ta juyawa a cikin murfin dama, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Ranar da na buɗe ta mahaifinmu, na tarar da datti ya daskare a ciki kamar ƙanzon tukunya, sai da na sa bakin sukundireba na riƙa kankarewa yana fitowa ɓawo-ɓawo, da ɗan ƙyallin ƙarfe a ciki. Da na ga ƙyallin nan gabana ya faɗi. Na buɗe sama, mazaunin kam ya karce. Wata biyar na yi ina nema kafin na samu wani kan inji mai lafiya a Panteka, a jikin wata da aka riga aka sayar wa 'yan gwangwan.

Saboda haka kafin ciniki, a tayar da ita da sanyin safiya a gabanka, kada a ɗumama ta kafin ka iso. Kasa kunne a saman inji. Ƙaramin tak-tak na bawul ba komai ba ne, ana saita shi. Ƙara mai kauri kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan sarƙar tayimin ce ko kam. In ba ta tashi kwata-kwata, roƙi mai ita a buɗe murfin sama ka gani da idonka. In ya ƙi, ka yi mata kuɗin gawa.

Komai nata biyu-biyu ne: fistin biyu, ringi saiti biyu, bawul huɗu, salansa biyu da ke ruɓewa daga ciki. Batir mai bolt 6 ma yanzu sai an nema. Amma saitinta, in inji na da lafiya, yana da daɗi. Tazarar bawul milimita 0.05 inji na sanyi. Bakin kontak 0.3 zuwa 0.4. Ka juya inji har alamar F ta zo daidai da tsagar, a daidai nan kontak zai fara buɗewa. Alamar T kuma ta saitin bawul ce. Ƙaramin ƙwan fitila da waya biyu sun isa ka gane lokacin buɗewar. Ba aikin mai farawa ba ne duk da haka, don in ka kuskure haƙori ɗaya wajen ɗora sarƙar tayimin, sai ka sake kwancewa.

Honda CG125

Tarihin wannan shi ne hujjarta. Injiniyoyin Honda sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, ana ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, injuna masu kam a sama suna mutuwa, irin ciwon da na faɗa a Benly. Sai suka ƙera CG125, ta fito a 1975, suka sauko da kam ƙasa kusa da mai, suka sa sanduna biyu masu tura bawul. Babu sarƙar tayimin ko kaɗan. Matatar iska soso ce, ka wanke ka shafa mata ɗan mai ka mayar, abin da ya dace da garin da ƙura ke rufewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Honda ta kafa kamfanin haɗa babura a Ota ta jihar Ogun a 1979, kuma kamfanonin Sin sun kwafi wannan inji har ba a san adadi ba. Sakamakon haka, kusan duk abin da kake nema yana Sabon Gari kafin azahar.

Aikinta a zaure ba ya tsorata kowa. Silinda ɗaya, bawul biyu, tazarar bawul milimita 0.08, bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7, baƙin mai kusan lita ɗaya. Faɗin silinda milimita 56.5 ne, kuma in ya cinye ana faɗaɗa shi a sa fistin mai ƙari 0.25, 0.50, har zuwa 1.00. Wajen kabureta, ka rufe sukurun iska a hankali, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, ka bar inji ya yi zafi, sannan ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har ka ji inda silo ya fi ɗagawa, ka sauke shi da sukurun silo. Bayan tafiyar kilomita goma ka ciro fulogi. Kalar shayi da madara ita ake nema. Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta yi yawa, kuma wannan ya fi haɗari.

Inda ake faɗawa rami biyu ne. Na farko, a sayar maka da firam ɗin Honda ɗauke da injin Sin a kuɗin gangariya. Duba lambar inji, ta asali da CG125E take farawa. Na biyu, ba duk kayan kwafi ke shiga ba. Fil ɗin fistin na wasu milimita 15 ne, na wasu 13. Je kasuwa da tsohon a aljihu. Kuma a fistin, ringi, bawul da boris kada ka bi araha, araha ba ta ado.

Aibinta ɗaya: ba ta jan ido. Ko ka ƙawata ta, wani zai ɗauka irin na kasuwa ne. Tana kuma karkarwa in ka matsa mata gudu.

Maganar samun kaya da sauƙin aiki ta kusa shafar ƙananan Honda irin C50, C70 da C90, zuriyar Super Cub ta 1958, waɗanda injin Lifan ya kwafa. Sun fi kowa rashin shan mai, ba su da kuloci na hannu, sai dai robobin jikinsu na asali sun yi wuya.

Suzuki A100 da AX100, da Yamaha YB100

Waɗannan su ne mafi araha, marasa nauyi, masu saurin tashi. Bugu biyu ne su ma, don haka saman inji aikin awa guda ne. AX100 ta fi sauran samun kaya, saboda Jincheng da ta cika gari kwafinta ce. A100 da YB100 kaburetarsu a ɓoye take cikin murfin dama tare da wani faifai mai buɗe wa mai hanya, kuma faifan nan ba kowane shago ke da shi ba.

Matsalarsu ita ce rayuwar da suka yi. Yawancinsu sun yi acaɓa ko sun yi jigilar buhuna daga ƙauye, an faɗaɗa silinda har ƙarshe, firam ya sha walda. Sannan kusan kowace za ka tarar an cire famfon man 2T ana haɗawa a tanki. A Suzuki A100 wannan kuskure ne, don famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf. Gyara famfon, ka fitar masa da iska, ka mayar da shi aiki. Suna shan mai fiye da CG, suna hayaƙi, salansa kuma tana son a riƙa ƙona mata dattin ciki lokaci-lokaci.

| Babur | Kuɗin saye | Kuɗin gyara | Samun kaya | Aiki a gida | Ƙarko | Inda asara take |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Vespa 150 | matsakaici zuwa tsada | matsakaici. Tsada in jiki ya ruɓe | na inji akwai, na jiki da wuya | inji da sauƙi, wayoyi da haƙuri | mai kyau a cikin gari | tsatsar ƙasa, oyil sil |
| Benly CD175/185/200 | matsakaici | mafi tsada | da wuya | sai wanda ya saba | mai kyau ƙwarai in ana canza mai | saman inji |
| CG125 | araha zuwa matsakaici | mafi araha | ko'ina | mafi sauƙi | mafi jure wahala | injin kwafi, kayan jabu |
| A100/AX100/YB100 | mafi araha | araha | AX100 akwai, sauran sai nema | da sauƙi | matsakaici | gajiyar inji da firam, famfon mai |

Kowanne ka ɗauka, zaure ba gareji ba ne, iyali na wucewa ta cikinsa. Wanke kaya da kananzir, kada ka ajiye fetur a buɗe inda hayaƙin murhu ko tartsatsin janareta zai iske shi. Kada ka bar inji yana aiki ƙofa a rufe. Ƙurar tsohon birki kada ka hure ta da baki, na da can ana yin su da asbestos mai lahani ga huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma. Taya, tib, birki da wayar birki kuwa sababbi za ka sa, ko da tsofaffin suna da kyan gani. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, ka zuba ƙusoshin kowane sashe a gwangwanin madara daban, ka ɗora su inda hannun yara ba ya kai.

Wanne ya dace da wa

In wannan ne karonka na farko, kuma kana son babur da zai kai ka aiki daga Samaru zuwa Kongo kullum, ɗauki CG125. A kanta za ka koyi bawul, kabureta da wuta, kuskurenka kuma ba zai ci maka fiye da kuɗin cefanen kwana biyu ba. In hanyarka ta ƙauye ce, wajen Shika ko bayan Wusasa da damina, ita ce dai har yanzu.

In kuɗinka kaɗan ne ƙwarai, burinka kawai ka san cikin inji, ko ka koya wa yaronka, AX100 ta isa, muddin firam bai sha walda ba.

In Benly ce ta gidanku, ta mahaifi ko ta kaka, tayar da ita ko da za ta ɗauki shekara, amma ka fara neman wata matacciya irinta ka ajiye don cire kaya. In ba ta gado ba ce, kuma ba ka taɓa buɗe inji mai bugu huɗu ba, jira sai ka gama da CG.

In abin da kake so shi ne hawan Juma'a da Sallah da ɗaurin aure, da babbar riga da hula, tafiyarka ba ta wuce cikin gari, Vespa ce taka, da sharaɗin jikinta lafiya yake. PX ta fi Super sauƙin samun kaya da zama a kan hanya.

Ƙanina yana da babur ɗin zuwa aiki, abin da yake nema na sha'awa ne, kuma bai taɓa buɗe inji ba. Na ce masa ya bar Benly ta Samaru. Mun yi da shi ranar Asabar da hantsi za mu je Ƙofar Doka, ni da maganaɗisu da tocila, shi kuma ya tabbatar duk magadan suna nan. In maganaɗisu ya kama daga gaba har baya, ya saya. In ya zame a tsakiya, mu wuce Sabon Gari neman CG.